Tarihin Andire Basamude, Ɗan Kokawar Da Ya Yi Ta Fama Da Ciwo A Ɓoye

A wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka teku ne, ya kawo muku labarin wani ɗan kokawa Bafaranshe wanda ya rasu tun shekarar 1993, amma har gobe ba a daina zancensa ba. Duk wanda a cikinmu ya yi kallon kokawar Turawa, wadda yara ke kira resilin, a talabijin ko a gidajen bidiyo tun Jalingo tana cikin tsohuwar Jihar Gongola, to da wuya a ce bai san wani ƙaton mutum mai tulin gashi ba, wanda idan zai shiga fage ba ya sunkuyawa ta tsakanin igiyoyi kamar sauran, sai dai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta sama. Wannan shi ne Andire, wanda mu za mu kira Basamude, domin ma'anar laƙabin da Turawa suka yi masa ke nan.

Mu Hausawa ba baƙin kokawa ba ne. Iyayenmu da suka zo nan Turaki daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau sun zo da labarin kokawar kaka da damben mahauta, kuma babu wanda bai san sunan Shago ba, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. A Jamhuriyar Nijar tun 1975 ake yin kokawar neman takobi, wadda aka fara a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama na farko da ya ɗauka. Ita kanta kokawar Turawan, ɗan ƙasarmu Power Mike, wanda ya yi zama a Kano yana saurayi, ya yi suna a cikinta. Saboda haka mun san abin da ake nufi da jarumta a fage. Abin da ba kasafai muke tsayawa mu tambaya ba shi ne: idan an tashi daga wasa, 'yan kallo sun watse, wane hali jikin ɗan wasa yake kwana a ciki? Tarihin Andire amsa ce ga wannan tambaya.

ASALINSA DA TASOWARSA

Cikakken sunansa André René Roussimoff. An haife shi ran 19 ga Mayu, 1946, a garin Coulommiers da ke gabas da birnin Faris, ya kuma tashi a wani ɗan ƙauye mai suna Molien. Iyayensa baƙi ne a Faransa, kamar dai yadda iyayenmu suka zo nan a matsayin baƙi. Mahaifinsa mutumin Bulgeriya ne, mahaifiyarsa kuwa asalinta daga Folan. Manoma ne, ba masu hali ba, kuma Andire shi ne na uku a cikin 'ya'yansu biyar.

Tun yana ƙarami aka lura ya fi sa'o'insa tsawo da girman hannu. Kafin ya wuce shekara 12 ya riga ya haura ƙafa 6, wato ya fi yawancin manyan maza na ƙauyensu. Mutane suna kallon abin a matsayin baiwa kawai, babu wanda ya kawo wa ransa cewa cuta ce take aikinta. Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya koma gonar mahaifinsa. Daga nan ya koyi aikin kafinta, sa'an nan ya yi aiki a wata masana'anta da ke ƙera injunan ɗaure ciyawa. Duk babu wanda ya kwanta masa a rai. Da ya kai shekara 18 sai ya tattara ya nufi Faris neman abin kansa.

A Faris ɗin da rana dako yake yi, yana kwashe wa masu ƙaura kayan gida, da dare kuma ya tafi koyon kokawa wurin wani mai shirya wasanni da ya ga girmansa ya san akwai kuɗi a jikin yaron nan. Sunan wasa na farko da aka ba shi an ɗauko shi ne daga wani gwarzo na tarihin Faransa, daga baya ya koma Jean Ferré. A 1966 ya haɗu da wani ɗan kokawa mutumin Kanada, Frank Valois, wanda ya zama mai kula da harkokinsa, ya riƙa yawo da shi ƙasa ƙasa, daga Ingila zuwa Jamus, har Ostireliya da wasu ƙasashen Afirka.

WACE IRIN KOKAWA CE WANNAN?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu warware wata gardama da aka daɗe ana yi a majalisunmu. Wasu su ce resilin ƙarya ce tsagwaronta, wasu su rantse gaskiya ce. To, kowanne ɓangare yana da rabin gaskiya. Tun kafin a shiga fage masu shirya wasa sun riga sun yanke wanda zai ci da wanda zai faɗi, kuma gabar da ake nunawa tsakanin 'yan wasa shiri ne irin na wasan kwaikwayo. Kamfanin WWF da kansa ya faɗa wa majalisar dokokin Jihar New Jersey ta Amurka a 1989 cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasar ƙarfi ta haƙiƙa ba, domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. A nan ta bambanta da kokawarmu ta gargajiya, wadda babu wanda ya san mai kayarwa sai an kama.

Amma fa faɗuwar ba ta ƙarya ba ce. Dandalin nan katako ne aka shimfiɗa a kan ƙarafa, aka rufe da 'yar katifa marar kauri da tamfol. Mutumin da aka ɗaga sama aka maka a kai, ko da ya san za a maka shi, ƙashin bayansa ne yake karɓar nauyin. Ɗan kokawarmu yakan yi wasa ne da kaka, damina ta zo ya koma gona jikinsa ya huta. Su kuwa waɗancan babu kaka babu damina, kusan kullum suna kan hanya, yau wannan gari gobe wancan. Ciwon jiya bai warke ba za a ɗora masa na yau.

CUTAR DA TA YI SHI, ITA TA CI SHI

A 1970 Andire ya fara zuwa Japan, inda aka yi masa laƙabi da Dodo Roussimoff. A can ne likitoci suka fara gaya masa gaskiyar abin da ke jikinsa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, wadda take fitar da sinadarin da ke sa yaro girma. Idan ƙari ya fito mata, sai ta yi ta zubo sinadarin nan fiye da kima. In abin ya faru tun mutum yana yaro, sai ya yi tsawon da ya wuce misali. Idan kuma ya balaga ƙasusuwan tsawo suka tsaya, girman ba ya tsayawa, sai ya koma hannuwa da ƙafafu da muƙamuƙi da goshi, har da kayan ciki. Zuciya takan kumbura ta yi kauri, gaɓoɓi su riƙa cinyewa, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya. Likitoci suna kiran cutar akromegali.

Wanda duk ya jera hotunan Andire na ƙuruciya da na ƙarshen rayuwarsa zai ga aikin cutar da idonsa. Saurayin farko dogo ne siriri mai zafin nama, wanda yake iya tuma sama ya yi shuri da ƙafa biyu. Na ƙarshen kuwa fuska ta faɗaɗa, goshi ya turo, jiki ya yi nauyin da ƙafafu ba sa iya ɗauka.

Cutar tana da magani, domin ana yin tiyata a cire ƙarin, yawanci ta cikin hanci. Andire bai yarda an yi masa ba. Waɗanda suka zauna da shi sun ce yana ganin yadda aka halicce shi ke nan, kuma yana tsoron kada aikin ya taɓa girman da yake ci da shi. Mu duba bambanci: wasu ƙattin 'yan kokawa biyu da suka zo bayansa da irin wannan cuta, Big Show na Amurka da Great Khali na Indiya, duk sun yarda an yi musu aikin, na farko a farkon shekarun 1990, na biyu a 2012, kuma dukansu sun haura shekarun da Andire ya yi a duniya.

ZUWANSA AMURKA DA SAMUN ƊAUKAKA

A 1971 ya koma birnin Montreal na Kanada, inda da farko ya riƙa cika babban zauren wasanni na garin. Amma ba a daɗe ba kasuwa ta fara ja baya, don mutane sun gane babu mai iya kayar da shi. Sai aka kai maganarsa wurin Vincent McMahon babba, mai kamfanin kokawa na New York, wanda daga baya ya zama WWF, tun 2002 kuma ake kiransa WWE. Wannan dattijo ɗan kasuwa ne na gaske. A 1973 ya sauya masa suna zuwa wanda duniya ta san shi da shi, ya hana shi tsalle-tsalle, ya ce ya riƙa tsayawa kamar dutse a bar abokan karawa su yi ta karo da shi suna faɗuwa. Sa'an nan ya tsara kada ya daɗe a gari ɗaya har a gaji da ganinsa, sai dai a riƙa bayar da aronsa ga masu shirya wasa a ko'ina cikin duniya, kamfani yana karɓar kasonsa.

Dabarar ta ci. Masu shela suna cewa tsawonsa ƙafa 7 da inci 4 ne, nauyinsa kuma daga baya suka ce ya kai fam 520, wato kimanin kilo 236, ya fi buhun masara biyu ke nan. Ko da yake masu shela ba sa rasa ƙara gishiri, wanda ya gan shi tsaye kusa da sauran mutane ya san abin ba wasa ba ne. A 1974 littafin Guinness mai tattara abubuwan bajinta ya sa shi a matsayin ɗan kokawar da ya fi kowa samun kuɗi, dala 400,000 a shekara. A watan Yuni na 1976, a daren da Muhammad Ali ya kara da ɗan kokawar Japan Antonio Inoki a Tokyo, shi kuma Andire ya kara da ɗan dambe Chuck Wepner a New York, inda ya ɗauke shi cak ya jefa shi waje ta saman igiya.

To, amma duniyar nan ba a gina ta don mutum irinsa ba. A jirgin sama kujera ɗaya ba ta isarsa, kuma ba ya iya shiga makewayin jirgi, ga shi tafiyar Japan ta fi awa goma. Gadon otal ya yi masa kaɗan, wurin wanka ya yi masa kaɗan, ƙaramar mota ba ta ɗaukarsa sai da aka gyara masa wata babba ta musamman. Duk inda ya sa ƙafa ana nuna shi da yatsa, wasu na dariya. Wurin da yake samun sakewa kawai shi ne gonarsa da ke Ellerbe a Jihar North Carolina, inda yake kiwon shanu masu dogayen ƙaho irin na Bororo, mutanen garin kuma suka saba da shi har suka daina kallonsa.

Abokan sana'arsa sun shaide shi da kyauta, ba ya bari wani ya biya kuɗin abinci in suna tare. Sun kuma shaide shi da shan giya mai yawan gaske, har labarin shan nasa ya zama abin hira ana dariya. Amma na kusa da shi sun bayyana cewa, musamman a shekarunsa na baya, yawancin shan nan neman sauƙin raɗaɗi ne. Giyar ba ta warkar da komai ba, sai ƙarin nauyi da ta ɗora wa jiki da zuciyar da dama a wahale take.

KARAYAR DA AKA MAYAR KUƊI

A 1981 Andire ya karye a idon sawu. Ba a fage abin ya faru ba: saukowa ya yi daga gado da safe, ƙashin ya kasa ɗaukar nauyinsa ya karye. Aka yi masa aiki a wani asibiti a Boston. Masu kamfani kuwa da suka ga haka, sai suka shelanta cewa wani ɗan wasa mai suna Killer Khan ne ya diro masa da gwiwa daga saman igiya ya karya shi. Jama'a suka fusata, suka ƙosa su ga ramuwa. Da ya samu ya miƙe, aka haɗa su wasa a Philadelphia a watan Nuwamba na shekarar, da sharaɗin sai an fitar da wanda aka kayar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ka ji yadda sana'ar take: ciwon gaske ne, labarin ƙarya ne, kuɗin shiga kuwa na gaske.

Mai karatu zai ce, mutum mai kuɗi haka, me zai hana shi ya zauna ya yi jinya? Dalili na farko shi ne tsarin biyan. 'Yan kokawar Amurka ba a ɗauke su a matsayin ma'aikatan kamfani ba, 'yan kwangila ne. A zamanin Andire, in ka yi wasa a biya ka, in kana kwance babu ko sisi, kuma babu fansho. Ba su da ƙungiyar ƙwadago. Jesse Ventura, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Minnesota, ya yi yunƙurin kafa musu ita a 1986, abin bai yiwu ba. Dalili na biyu, wanda ya kwanta jinya wani ne zai hau gurbinsa. Na uku kuma shi ne al'adar 'yan wasan kansu, inda ake ganin mai cewa yana jin ciwo rago ne. Ga Andire akwai dalili na huɗu: a fage ne kaɗai girmansa yake zama abin alfahari, a waje abin kallo ne.

DAREN PONTIAC

Zuwa 1986 bayansa ya lalace ƙwarai. A shekarar ya tafi Ingila aka ɗauki wani fim da shi mai suna The Princess Bride, wanda ya fito a 1987, inda ya fito a matsayin ƙato mai taushin zuciya. A cikin fim ɗin akwai wurin da ya kamata ya cafe wata 'yar wasa da ta faɗo daga sama. Mutumin da a da yake ɗaga ƙatti, ya kasa riƙe mace ɗaya, sai da aka ɗaura mata wayoyi suka ɗauke nauyinta. A wajajen wannan lokaci ne aka yi masa babban aiki a ƙashin baya.

Ana cikin haka Vince McMahon ƙarami, wanda ya karɓi kamfanin daga hannun mahaifinsa, ya shirya wasa mafi girma da aka taɓa yi a lokacin, yana kuma bukatar wanda zai kara da tauraronsa Hulk Hogan. Babu wanda ya isa sai Andire. Aka juya labari aka mai da shi mugu, bayan shekara da shekaru yana abin son yara, aka ce ya ci amanar abokinsa saboda kwaɗayin kambu. Aka kuma yi ta shelar cewa shekara 15 ba a taɓa kayar da shi ba, alhali kuwa ya taɓa shan kaye a Meziko da Japan.

Ran 29 ga Maris, 1987, aka haɗu a babban filin wasa na Pontiac da ke Jihar Michigan, a wasan da ake kira WrestleMania na uku. Kamfani ya ce mutum 93,173 ne suka shiga, ko da yake wasu masu bin diddigi sun ce ba su kai haka ba. Andire ya shigo sanye da baƙar riga mai rataya a kafaɗa ɗaya, a ƙarƙashinta kuwa akwai abin ɗaure baya da yake tallafe da shi. Wanda ya sake kallon wasan da idon basira zai ga yadda aka tsara shi don a rufa masa asiri: ba gudu, ba tsalle, yawanci riƙo ne da matsa a tsaye, yana jingina da igiya ko da jikin Hogan. Bayan kamar minti 12, Hogan ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya danne shi alƙali ya ƙirga uku. Filin ya ɗauki ihu. 'Yan kallo sun ga an kayar da ƙato. Abin da ba su gani ba shi ne, mutumin da aka yi wa aiki a baya ne ya yarda aka maka wannan bayan a kan katako, da nauyin da ya fi kilo 200, don ya miƙa wa na bayansa tuta. Shi ma Hogan ya sha faɗin cewa ya yaga naman bayansa wurin ɗagawar.

ƘARSHEN TAFIYA

Da a ce a nan ya tsaya, da an ce ya yi sallama da girma. Bai tsaya ba. Ran 5 ga Fabrairu, 1988, ya sake karawa da Hogan a wasan da mutum miliyan 33 suka kalla a talabijin a Amurka, aka ba shi kambun duniya ta hanyar wata maguɗin da aka shirya da alƙalai biyu tagwaye, nan take kuma ya miƙa shi ga Ted DiBiase. A ƙarshen 1989 aka haɗa shi da wani ɗan wasa mai suna Haku suka ci kambun 'yan bibbiyu. Hikimar haɗin ita ce Haku ya yi aikin, shi kuma ya tsaya a gefe riƙe da igiya. A wasan da aka karɓe kambun daga hannunsu a Toronto, ran 1 ga Afrilu, 1990, har aka gama ba a miƙa masa hannu ya shiga a ƙa'ida ba.

A 1991 an gan shi a bakin fage yana dogara sanduna. Duk da haka ya ci gaba da zuwa Japan da Meziko, inda ake sa shi cikin wasan mutum uku-uku, ya shiga na ɗan lokaci yana dafe da igiya, ya fita. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne a Tokyo ran 4 ga Disamba, 1992.

A watan Janairu na 1993 mahaifinsa ya rasu, ya tafi Faransa jana'iza. Ya ƙara kwanaki don ya zauna da mahaifiyarsa, ya kuma koma ƙauyensu ya yi hira da abokan ƙuruciya. A daren 27 ga watan, wayewar 28, zuciyarsa ta tsaya yana barci a wani otal a Faris. Shekararsa 46. Ya bar 'ya ɗaya mace. Ya bar wasiyyar a ƙone gawarsa bisa al'adar wasu Turawa, amma ba a samu wurin da zai ɗauki girmansa a Faransa ba, sai da aka kai shi Amurka, aka watsa tokar a gonarsa ta Ellerbe. A shekarar ce kamfanin ya buɗe kundin girmama gwarzayensa, sunan Andire ne na farko da aka rubuta.

Al'adar wasa da ciwo kuwa ba ta mutu tare da shi ba. A 1994 Mick Foley ya rasa yawancin kunnensa na dama ana tsakiyar wasa a Jamus, ya ci gaba. A 1997 Steve Austin ya ji mummunan rauni a wuya, ya lallaɓa ya ƙarasa wasan, kuma wannan rauni na cikin abin da ya sa ya yi ritaya da wuri. A 2001 naman cinyar Triple H ya tsinke, shi ma sai da ya ƙarasa.

ABIN DA YA SHAFE MU

To, jama'a, me ya kawo labarin Bafaranshe cikin mujallar Hausawan Turaki? Abin da ya kawo shi, muna da irinsa a cikinmu, sai dai su babu mai ɗaukarsu a talabijin. Akwai ɗan damben da zai naɗe hannun da ya tsage da zare ya shiga fage, don makaɗi ya kira sunansa, ba ya so a ce ya ji tsoro. Akwai ɗan kokawar da gwiwarsa ta goce, a ja masa ita a bayan fage ya koma. Akwai ɗan dako a kasuwa da mai tura baro da lebura a wurin gini, waɗanda tsarinsu ɗaya ne da na Andire: ranar da ba ka fita ba, ba a ɗora tukunya. Abin da giya ta yi wa Andire, shi ƙwayar tiramadol take yi wa samarinmu da yawa. Tana kashe jin zafin ne kawai, ciwon yana nan yana ci, mutum kuma ya ƙara masa lodi tunda ba ya ji, daga baya ga ciwo ga jarabar ƙwaya.

Zafi ɗan aike ne, jiki ne yake turo shi ya ce a dakata. Saboda haka muna kira ga iyayen gidan 'yan wasa da masu shirya dambe da kokawa, idan yaro ya bugu a ka har ya suma ko ya rikice, kada a mayar da shi fage a ranar ko washegari, a kai shi likita ya duba. Masu ɗorinmu na gargajiya sun iya aikinsu, amma karayar da ta shafi gaɓa ko ƙashin baya tana bukatar hoto tukuna, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya nan cikin Jalingo. Haka kuma iyaye, in kuka ga yaro yana girman da ya wuce misali, ko babba ya ga takalminsa da zobensa suna matse shi shekara bayan shekara, fuskarsa tana sauyawa, ga yawan ciwon kai, to a je asibiti. Cutar Andire ba ta da yawa a cikin mutane, amma in an gano ta da wuri ana maganinta.

Daɗin daɗawa, tunda mun ga rashin abin sawa a baki ne yake tura mai ciwo fage, ya kamata ƙungiyoyin sana'o'inmu, na mahauta da 'yan dako da direbobi, su ƙarfafa asusun taimakon juna, ko da ta hanyar adashi ne, yadda wanda ya ji rauni zai iya kwanciya wata guda iyalinsa ba su kwana da yunwa ba. Mu 'yan kallo ma da namu laifin, domin mu ne muke yi wa mai shiga da ciwo kirari da liƙi, mu yi wa wanda ya janye ihu. Hausawa sun ce in ana dara fidda uwa ake, kuma lafiya ita ce uwar jiki.

Andire ya samu kuɗi, ya samu suna, ya zaga duniya, amma bai ga shekara 47 ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mana samarinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.